Jan Tabo a Hoton Ƙirjin Baba

Wasu shekaru da suka shige, ina sabon kama aiki a Manchester, aka sa ni cikin masu koya wa kwamfuta karanta hoton ƙirji. Aikin shi ne a yi ta nuna mata hotunan asibiti masu ɗimbin yawa, ana ce mata wannan huhun lafiya lau yake, wannan kuwa limoniya ta kama shi, har ta iya bambancewa da kanta. Inda ta ga alamar cuta sai ta shafa ja a wurin. Ni injiniya ne, ko allura ban taɓa yi wa kowa ba, amma da kun ji ni ina bayani a lokacin sai ku rantse ni na ƙirƙiro huhu.

Mahaifiyata tana zaune wajen ƙanwata a Sparkbrook, can Birmingham. Duk ƙarshen makon da na samu sarari sai in hau jirgin ƙasa in je in ci tuwo, in cika su da surutun aiki. Ƙanwata takan ce don Allah in bar mutane su ci abinci. Mahaifiyar tamu kuwa, Hajiya, saurare take yi. Na sha faɗa a gabanta cewa na'urarmu tana hango abin da ya kuɓuce wa idon likita.

Wata Asabar bayan azahar ta kira ni ɗakinta, ta ciro wata babbar ambulan daga ƙasan akwati. Hoton ƙirjin mahaifina ne, wanda aka ɗauka a Kano dab da rasuwarsa, ina sakandare. Ban ma san ta taho da shi ƙasar nan ba. A wancan lokacin likita ya duba ya ce mura ce ta sauka a ƙirji, ya rubuta magani. Ƙanin Baba ya ce a kai shi wani asibitin a sake dubawa, Hajiya ta ce a bari ya gama shan maganin tukuna. Bai kai ga gamawa ba.

Ta miƙo mini, ba ta kalle ni ba. "Kai, sa mini wannan a na'urar taku. So nake in san ko akwai abin da ba a gani ba."

Allah ya sani daɗi na ji, yau ga Hajiya da kanta tana neman aikina. Na kara hoton a gilashin taga, na ɗauka da waya, na tura cikin kwamfutata. Tana tsaye a bayana. Ba a jima ba ja ya bayyana a ƙasan huhun dama.

Ta tambayi ma'anar jan, na faɗa mata. Sai da maganar ta fita hankalina ya dawo jikina, na shiga kame-kame: hoton ya tsufa, da waya na ɗauka, na'urar ba da irinsa ta yi karatu ba, tana iya kuskure. Duk gaskiya ne kuwa. Ta ce to, Allah ya yi albarka, in je abincina yana hucewa.

Cikin makon ƙanwata ta bugo mini. "Yaya, me ka nuna wa Hajiya? Ba ta cin abinci, kuma ta ƙi in kai ta wajen likita."

Na je na karɓo ainihin hoton na kai wa abokina, likita ne da duba irin waɗannan hotuna ne sana'arsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tsakani da Allah babu mai iya rantsuwa a kansa. Wurin da jan ya fito daidai inda danshi ya taɓa jikin hoton ne. Yana iya zama cuta, yana iya zama tabon ajiya kawai. Na koma Birmingham da murnata, na zayyana wa Hajiya duk abin da ya faɗa. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Shi ma likita ne, ko? Ai kai ka ce taku ta fi su gani."

Na mayar da hoton cikin ambulan ɗinsa na miƙa mata.

Har yanzu wannan aikin nake yi, kuma ina ganin amfaninsa ga marar lafiyar da ke da sauran lokaci a yi masa magani. Baba kuwa ba shi da wannan, amsar ba ta da wanda za ta yi wa amfani, sai wadda za ta hana sukuni. Wannan nadamar ba ta sake ni ba.

Hajiya ta koma cin abincinta, tana wasa da jikoki, ba ta ƙara ta da zancen ba. Sai dai a da, in aka ambaci Baba, cewa take lokaci ne ya yi, hankalinta kwance. Yanzu in na je gidan nakan jiyo ta bayan la'asar tana roƙa masa rahama kamar kullum, sannan ta sassauta murya ta ce, "Malam, ka yafe mini."