Ranar da ƙanena ya wuce ni

Ƙungiyar gudun makarantarmu a birnin Lyon na Faransa ƙarama ce, har in mutum biyu suka yi mura sai a fasa fita gasa. Gudun kuros muke yi, wato dogon gudu cikin ciyawa da taɓo a tsakiyar sanyi. Masu horar da mu biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Tsohuwar, wadda ta yi ritaya daga koyar da wasanni, cewa take a horar da wanda Allah ya kawo. Matashin kuwa so yake a ɗauko wani gwani daga Paris, a rubuta shi a darasin yamma don kawai ya yi mana gudu. In an ɗauko shi, dole a cire mutum ɗaya.

Wanda matashin ya sa wa ido ƙanena ne. Ba cikinmu ɗaya ba, ɗan maƙwabcinmu ne na Maraɗi da ya zo karatu, muna zaune tare a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Ni na ja shi cikin ƙungiyar, don daga aji sai ɗaki, ba ya magana da kowa, har ya fara zancen komawa gida. A filin gudu ne kawai nake jin dariyarsa. Na tabbata in aka cire shi, tattara kayansa zai yi.

Hujjar matashin ita ce yaron ba shi da zuciya: kullum a bayana yake ƙarewa, ni kuma ba wani abin a zo a gani ba ne. Wannan magana ta yi mini zafi ta fuska biyu. Tsohuwar ta ja ni gefe ta ce, “Kai kana isowa kamar za ka mutu, shi ko haki ba ya yi. Me ke riƙe shi?” Aka yanke cewa gwajin ranar Asabar zai raba gardama.

A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tambayi ƙanen nawa. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar jakarsa.

“Haba Yaya, in wuce ka gaban nasaru? Kai ka tarbe ni, tuwonka ni ka ci. Da wane ido za ni dube ka?”

Na rasa ko in yi dariya ko in make shi. Shekara guda ina kashe kaina don ina jin takunsa a ƙeyata, ashe shi rakiya yake yi mini.

Na ce, “To saurara. Ran Asabar in ka iso bayana, ka nemi wani yayan. Ka ji ko?”

Ya ce, “Dakor, Yaya,” wato “to” da Faransanci, amma muryar ba ta gamsar da ni ba.

Asabar ta zo da yayyafi. Muka yi zagayen farko, ga takun nan a bayana kamar kullum. Na biyu ma haka. A hawan tudu na waiwaya na daka masa tsawa da Hausa, har wani Bafaranshe da ke gefena ya yi tuntuɓe.

Sai na ji, “Gafara, Yaya.” Ya raɓa ta gefena yana ɗan rusunawa, kamar mai wuce dattawa a ƙofar masallaci, sannan ya saki ƙafa. Ya bi waɗanda ke gabanmu ɗaya bayan ɗaya yana wucewa. Daga nesa na hango tsohuwar tana tsalle da lemarta, matashin kuma ya saki baki. Zancen mutumin Paris ya mutu tun kafin a kai ƙarshe.

Ni kuwa da na ga ya sha kwana ya ɓace, sai na ce alhamdu lillahi, na rage gudu. Mutum uku suka wuce ni, ko a jikina. Daɗi ya cika ni, ina tafe ina dariya ni kaɗai, taɓon da ya watso mini yana gangarowa daga gemuna.