Goggo Ta Tafi Kwadon

Shekarar da ɓarin jikin Goggo ya shanye, ni aka ɗora wa jinyarta, don ni kaɗai ce ban fara aiki ba a gidanmu na Bolari. Yayar babana ce, mace mai kazar-kazar, wadda tun tasowata sarin albasa take yi a Kwadon ta kawo cikin gari. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu. Da za a sallame mu daga asibiti, likita ya ce ƙafar hagun tana iya dawowa, tana iya ƙi, ya danganta da yadda ta dage da motsa ta.

Masu zuwa dubiya kuwa sun riga sun yanke hukunci. Su zauna su langaɓe kai, "Sannu Goggo, Allah ya sa kaffara ne," da wata murya kamar a gidan makoki. Wallahi haushi suke ba ni. Wata ma ta ja ni gefe ta ce mu nemi keken guragu tun da wuri, wai irin wannan ciwon ba ya sakin tsoho.

Goggo ko a jikinta. Kowace safiya in ta sha kunu sai ta ce in ɗaura mata ɗankwali, in yafa mata mayafi, sannan ta rufe ido ta yi tsit. Ranar farko na zaci barci ne, na taɓa ta zan ba ta magani. Ai kuwa na sha faɗa.

"Ke 'yar nan, ba ki da hankali ne? Ina tsakiyar titi za ki tsayar da ni, mai acaɓa ya kwashe ni?"

"Wane titi kuma, Goggo? Kina kan katifa fa."

"Ke dai kike kan katifa. Ni na kusa tasha."

Na ce shike nan, ciwo ya taɓa kai. Sai da ta huce ta yi mini bayani. A zuciyarta take miƙewa, ta fara sa ƙafar hagu, ta ratsa zaure, ta tsallake kwatar ƙofar gida, ta wuce masu walda, ta hau mota har Kwadon. Ba ta tsallake ko taki ɗaya. In ta buɗe ido za ka ga gumi a goshinta, kamar wadda ta ɗauko buhu.

Kuma ba ta yarda da tsohon hoto. In na dawo daga aike sai ta tsare ni da tambaya: an cike ramin nan na gaban shagon mai faci? Mai ƙosai tana nan inda take? Ranar da na ce mata katakon da ke kan kwata ya karye, tsaki ta yi ta ce yanzu sai ta buɗe ƙafa sosai ke nan. Washegari da na zo lanƙwasa mata gwiwa, abin da a da take ihu a kansa, ita ce ke cewa in ƙara, kwatar nan faɗi gare ta.

Tun ina dariya har na daina. Na lura ni kaina na bar ɗaga ta kamar kaya, na koma riƙe ta kamar mai shirin fita. In ta rufe ido sai in ce a dawo lafiya. Har babana, da ba ya son wasa, in baƙi suka zo sai ya ce su ɗan jira, yaya ta tafi Kwadon. Ban taɓa ganin taurin kai mai kyau irin na matar nan ba, kuma har gobe ina jinjina mata.

Babban ɗan yatsan ƙafar ne ya fara motsi. Daga nan ta fara tsayuwa tana dafa bango, tana faɗuwa, tana yi wa ƙafar faɗa da Fillanci. Hannun dai bai dawo daidai ba, har yau a lanƙwashe yake.

Bayan damina, wata safiya, ta karɓi sandar babana ta hana kowa taɓa ta. Tana ja, tana hutawa, har ta ratsa zaure ta tsaya a ƙofar gida. Matan maƙwabta suka fito, wata ta rangaɗa guɗa, masu walda suka kashe inji. Ni kam kuka nake yi wiwi, ban ma iya ɓoyewa ba.

Goggo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya tana haki, ta ce, "To mene ne abin ihu? Kullum ta nan nake wucewa, ku ne dai ba kwa gaishe ni."