Kawu da Jar Giyar Sifaniya

Jiya na ga kwalbar jar giyar Sifaniya a wani shago a unguwar Deptford, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Ina ɗaliba a gidansa a shekarun tamanin, maƙwabcinsa, wani dattijo ɗan Sifaniya, ya kawo masa irinta ranar Sallah. Ya yi ta bayani: sabuwa ce, ba ta kwana a gangar katako ba, a ɗan sanyaya ta a sha da nama. Kawu ko taɓa kwalbar ba zai yi ba, amma yakan ce ba a kunyata baƙo.

Ya ce mini, "'Yata, kawo zoɓon nan."

Na kawo shi ja wur, yana ƙamshin citta da kanumfari. Baƙon ya jujjuya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya tambaya wace shekara aka yi shi, kamar yadda mashaya giya kan tambaya.

"Ranar Laraba," in ji Kawu.

Mutumin ya tafi da kwalbarsa da jarkar zoɓo, yana ta godiya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi ruwan Alkausara.