Ranar da Baba Yohanna Ya Kashe Kwamfutar Rifkatu

Ku da kuka zauna layinmu a Gyadi-Gyadi kun san ba a shigo da sabuwar na'ura unguwar nan Baba Yohanna bai kara mata kunne ba. Zai durƙusa ya saurara kamar likita, ya miƙe yana girgiza kai, ya ce, "Akwai saura. Kamfani ya ɓoye." Ya yi imani duk injin da ya fito daga masana'anta an riƙe masa wani ƙarfi, kuma shi aka ɗora wa aikin fito da shi. Tsohon mai gyaran rediyo ne a ma'aikatar gwamnati, mutumin kudancin Kaduna, dattijo a cocinsu. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu.

Fankar tebur ta Hajiya, matata, ya fara yi wa aiki. Ya sake mata naɗin waya ya dawo da ita. Da aka kunna, sai ta kama rawa, ta bi tebur har baki, ta faɗo ƙasa tana ci gaba da juyawa. Hajiya ta riƙe haɓa. Shi kuwa ya ce, "Kin gani, Hajiya? Da ma can tafiya take so."

Halinsa na biyu ya fi wannan wahalar zama da shi: ba ya iya ƙarya, ko ta ciniki. Ya taɓa sa babur ɗinsa a kasuwa. Mai saye ya zo, Baba ya jera masa aibobin babur ɗin ɗaya bayan ɗaya har mutumin ya yi sallama. Ya kai bakin titi sai ga Baba yana binsa da sauri: "Malam, tsaya, ban gaya maka na birki ba."

Waɗannan halaye biyu suka haɗu a kan 'yarsa Rifkatu.

Shekarun nan ne bayan sojoji sun koma bariki, shagunan intanet sun cika gari, matasa sun koma wasan kwamfuta. Rifkatu ta ajiye aikin koyarwa, ta kwashe duk abin da ta tara ta sayi babbar kwamfutar wasa sabuwa fil, ta kama ɗaki a Tarauni inda matasa za su riƙa biya suna wasa. A shagon wani Alhaji Nasiru ta saya, da garantin shekara. Ya manna sitikarsa a bakin murfin ya ce mata in ta yage, babu ruwansa. Ana gobe za ta buɗe shago, kwamfutar na falon Baba, ita kuma ta tafi wajen kafinta duba kujeru.

Da hantsi Baba ya aiko a kira ni. Na yi shekaru ina yi wa 'yan kasuwa tafinta, don haka duk takardar da ta zo da baƙon harshe ni ake kawo wa. Na same shi da ɗan littafin garanti.

"Alhaji, karanta mini na Turancin."

Na karanta. An rubuta ƙarara: wanda ya ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu fiye da yadda kamfani ya saita, in ta lalace, shi ya jiyo.

"Duba na Faransanci. Su ai sun fi sassauci."

"Magana ɗaya ce, Baba Yohanna."

"Na Larabci fa?"

"Shi ma. Har ya fi zafi."

Ya ce, "To sun haɗa baki."

Na ga yadda mutane ke ɗaukar garanti a wurare. A Hamburg mutum zai adana takardar a fayil, ko noti ba zai taɓa ba. A Guangzhou kafin ka gama biya an buɗe cikin injin a gabanka. A Kano kuwa garanti sitika ce da fuska: mai shago ya san ka, ka san shi, ranar da ka yi masa ƙarya ta ƙare. Na faɗa wa Baba haka. Ya ce ai shi ba zai taɓa sitika ba. Akwai shafin saiti da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, daga nan ake ƙara gudun, murfi na rufe.

A yi masa adalci, da farko a hankali ya bi. Ya jona ta a sitabilaiza, ya jawo fanka kusa. Ya ƙara gudun ɗan kaɗan, ya sake tayar da ita, ya sa wasan tseren mota, idonsa na kan ma'aunin zafi a gefen allo. Lafiya lau. Ya ƙara kaɗan, ya sake gwadawa. Yana yi yana koya mini: mataki-mataki ake hawa, a gwada bayan kowane mataki, in zafi ya haura a sauko. Na ce to madalla, a tsaya nan.

A mataki na gaba wasan ya daskare. Wannan ita ce alamar an kai iyaka, shi ma ya sani. Sai na ga ya gangara wajen ƙarfin wutar da ke shiga ƙwaƙwalwar.

"Wannan fa ba ka ce ba a wasa da shi ba?"

"Yunwa take ji, Alhaji. Loma ɗaya."

Ya danna. Fankokin ciki suka yi kuka, suka yi shiru, suka sake tashi. Allo baƙi. Ya kashe ya kunna. Baƙi. Ya zare waya ya mayar. Baƙi. Ya ce akwai wani ɗan batir kamar kwabo a ciki, in an cire shi saitin zai koma yadda yake, in dai ƙwaƙwalwar ba ta ƙone ba. Amma batir ɗin na bayan murfi, murfi kuma na bayan sitika.

Muna cikin haka Rifkatu ta shigo. Ta dubi allon, ta dubi ubanta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Baba, me ka taɓa?"

Ya faɗa mata komai, har loma ɗayar.

Ta zauna a hannun kujera. Can ta ce, "Za mu mayar da ita. Ni zan yi magana. Na kunna, ta ƙi tashi, shi ke nan. Sitika na nan, ba wanda zai sani."

"Ni na sani."

"To ka zauna a gida."

"Ni na kashe ta, ni zan raka ta."

A motata muka tafi, kwamfutar na kan cinyarsa a baya. Daga Gyadi-Gyadi zuwa shagon Alhaji Nasiru ba nisa. A hanya Rifkatu ta ce ba tare da ta waiwaya ba, "Baba, ba ni da wani abu bayan wannan. Ka yi shiru kawai. Shiru ba ƙarya ba ne."

Alhaji Nasiru ya duba sitikarsa, ya ga lafiya. Ya ce, "Malama, me ya same ta?"

Rifkatu ta ce, "Ta ƙi tashi ne."

"Haka kawai?"

Ta buɗe baki. Baba ya riga ta: "Ba haka kawai ba ne, Alhaji. Ni na ƙara mata gudu, na ƙara mata wuta."

Rifkatu ta rufe ido. Alhaji Nasiru ya ɗauki reza ya tsaga sitikar da kansa. Ya zare batir ɗin, ya jira, ya mayar, ya jona wuta. Fanka ta juya. Allo baƙi. Ina jin numfashin Rifkatu. Sai kwamfutar ta yi ɗan ƙara, rubutu ya bayyana.

Ya ce, "Ba ta ƙone ba. Amma ku ji. Garantin ƙwaƙwalwar ya tafi, in ta mutu gobe kada ku zo mini. Sauran kayan ina nan a kai." Ya ɗauko sabuwar sitika. "Da kun ce da kanta ta mutu, Legas zan aika da ita, sai dai ku gan ta bayan damina."

Amma kafin ya rufe murfin, Baba ya leƙa ciki ya ce, "Tunda dai an buɗe, da za a sa mata fanka babba..."

Rifkatu ta ce, "Baba." Ya ja da baya, ya sa hannayensa a aljihu.

A wurin ta sa aka kulle shafin saitin da kalmar sirri. Ta buɗe shagonta washegari, kwamfutar kuma ta yi aiki har ta tsufa. Amma an ɗauki lokaci kafin ta sake barinsa shi kaɗai a ɗaki da wani abu nata, kuma abin ya ci shi, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Kullum da yamma zai je shagon ya zauna a bakin ƙofa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ina zaune a gefe ta zo ta ce, "Baba, in faɗa maka kalmar sirrin? In ka tashi ka je ka yi yadda kake so da ita."

Ya ce, "Sunan mamanki ne. A makon farko na gane."

"Kuma ba ka shiga ba?"

"Taki ce."

Ta fita waje da sauri, ni ma na kama duban silin.

Allah ya sa ya huta. Ya ba Rifkatu da 'yan'uwanta haƙuri, ya saka masa da alherin maƙwabtakar da ya yi mana. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.