Gidan da Aka Gina Ba Zaure

Shekarar da aka ƙara wa maigidana girma a ofis, ana saura kaɗan a sami mulkin kai, ya gina mana gida a Tudun Wada. A wata mujallar Turawa ya ga hoton, ya kai wa magini ya ce kada a canza komai. Ginin siminti, rufin kwano, manyan tagogi suna kallon titi. Ba zaure, ba tsakar gida. Kana buɗe ƙofa sai falo, kuma daga ɗakin kwana ba hanyar madafa sai ta falon nan. Ni kuwa a cikin birni na tashi, inda baƙo ba ya wuce zaure.

Wata Juma'a na ɗora tuwo, na shiga ɗaki in sake zane, sai na ji sallamar surukina. Malami ne dattijo, tun da aka kawo ni ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Maigidana ya yi masa shimfiɗa a falo, shi da abokansa biyu, dab da ƙofar ɗakina.

Hira ta yi nisa, ƙauri ya fara tashi. Mayafina yana kan igiya a waje. In ratsa gabansu haka, ba zan iya ba. Sai na haye taga in zagaya ta baya. Zanena ya sarƙe a ƙarfe, na faɗo tim a bakin titi, gaban mutane masu dawowa daga masallaci.

Maƙwabciyarmu, wata malamar asibiti mai zuwa coci, ta rugo ta yafa mini gyalenta.

“Amarya, lafiya? Gobara ce?”

“Tuwo ne, Inna,” na ce, ina kuka.

Surukina ya ji komai. Bai leƙo ba. Na dai jiyo shi yana ce wa ɗansa, “Da kake gina gidan nan, ta ina ka ce matarka ta riƙa bi?” Tsohon ya tafi bai ci komai ba.

Bayan damina ya turo magina, suka yi zaure na ƙasa a gaba, suka ja katanga ta rufe tagogin. Abokan aikin maigidana suka riƙa tsokanarsa wai an naɗa wa gidan Bature rawani. Ya daina gayyatarsu. Ni ma sai da Babbar Salla ta wuce kafin na iya zuwa gaida surukaina.