Alkakin Ranar Zaɓe

Ni dai kek na iya, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu ta Jega babu wadda za ta nuna mini yadda ake gasa shi. Tsohuwar tukunya nake zuba wa yashi a gindi, in jera gwangwanayen madara da na shafe da mai, in kife da faranti, in ɗora garwashi a sama. In ba wannan nake yi ba, to ina zaune da kaba da allura ina ɗinkin faifai, wanda na koya wurin mahaifiyata a Mungadi tun kafin a kawo ni Jega. Amma alkaki ya fi ƙarfina. Ban ma taɓa damuwa in koya ba, saboda ina da Inna.

Inna ba ita ta haife ni ba. Maƙwabciyata ce, 'yar Aliero, matar wani Alhaji dillalin albasa, katanga ɗaya ta raba mu. A jikin katangar akwai wata kafa da ba ta fi kai ya shiga ba. Ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da kwanon abinci, ta nan kuma take yi mini faɗa in na bar miya ta kama.

Da na haifi ɗiyata ta fari, sai kunya ta hau kaina kamar yadda take hawa kan kowace uwa a wurinmu. Ba ka kiran sunan ɗan fari, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi ko da cikinka na ƙuna. Inna ce ta ɗauke ta. Ita ta goya ta, a ɗakinta aka yaye ta, ita ta yi mata kitson shiga makaranta. Don haka da yarinyar ta gama karatu ta kawo wani yaro ɗan Maiyama aka sa rana, kowa ya san gara aikin Inna ne. Gara ita ce kayan abinci da na maƙulashe da ake kai wa gidan miji bayan biki, kuma dangin ango fantekar alkaki suke fara buɗewa. Daga nan suke gane ko amarya tana da gata. Ni nawa aikin in shige ɗaki in yi kamar ban san ana yi ba.

An sa bikin 'yan kwanaki bayan zaɓen jiha, don a gama kafin azumi. Wanda ya sa ranar nan, Allah ya yafe masa.

Mazan layinmu ciyayya suke yi, kowa ya fito da tuwonsa ƙofar gidan Alhaji a ci tare bayan magariba. A shekarar ƙanen Alhaji ya fito takarar majalisa. Maigidana kuwa, Malam, malamin makaranta ne, kuma ɗan a-mutun ɗaya jam'iyyar, rediyo ba ya barin kunnensa ko alwala zai yi. Ran nan magana ta kawo magana, Malam ya ce ɗan takarar ko kwalbati bai taɓa yi wa kowa ba. Alhaji ya naɗe tabarmarsa a gaban mutane. Malam ya shigo da tuwonsa ko lomar kirki bai yi ba, ya samo bulo ya toshe kafar katanga, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar kowa a gidan can. Daga baya na ji Alhaji ma haka ya faɗa a nasa gidan.

Na yi magana, ba wai ban yi ba. Na tambaye shi ko ɗan takararsa ne zai zo ya soya mana alkaki. Ya ƙara muryar rediyo.

A lokacin kwanon Inna yana wurina, da dambu ya zo. Mu ba ma mayar da kwano haka nan wayam, sai an sa wani abu a ciki, ga shi kuma hanya ta toshe. Na ɗora shi kan kabad yana kallona ina kallonsa. A waje motoci na wucewa da lasifika, ana rabon atamfa da sabulu da taliya, yara na bin su da ihu. Ni ina tsakar gida ina ɗinka wa kwanon faifai daidai bakinsa, ja da ruwan ɗorawa, don in ban ba hannuna aiki ba bakina zai jawo mini saki.

Abin da ya fi ci mini rai yarinyar ce. Ta daina cin abinci sosai. Wata la'asar na fito na tarar da ita zaune a gindin katanga, daidai inda bulon yake, tana share hawaye da bakin hijabi. Kuma ba ni da bakin lallashinta. Tun da na haife ta ban taɓa dafa kafaɗarta da rana tsaka ba, yau in fara ta ina? Na ce mata ta tashi ta kwashe shanya, na shige ɗaki na yi nawa kukan.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce wadda ke gasa kek a cikin yashi ai alkaki ba zai gagare ta ba. Ana jibi zaɓe na ɗebi rabin tsakin alkamar da muka tanada, na murje shi da mai da nono, na bar shi ya kwana. Da safe na yayyafa ruwan kanwa, na ɗan daddaka a turmi, na naɗa shi yadda nake ganin Inna na yi. A faranti gwanin kyau. Ina sa shi a mai ya watse, ya koma kamar dambu. Na sa wani, shi ma haka. Na zauna gaban kaskon ina kallon alkamar bikin ɗiyata tana yawo a mai, ban san lokacin da na yi jifa da matsami ba.

Ranar zaɓe muka tafi makarantar firamare, maza layinsu daban, mata daban. Na hango Inna can gaba da lemarta. Sai na ga tana ta ba mata hanya suna wuce ta, ɗaya bayan ɗaya, har layi ya kawo ni bayanta. Ba ta juyo ba. Tana kallon gaba ta ce, "Na ji dakanki shekaranjiya, ko jiya ne. Wanga daka naki ko yaji ba shi dakuwa da shi. Ya watse ko?"

Na ce ya watse.

Ta ce, "To mi kika zata? Alkaki ba kek ba ne da za ki kaɗa ki zuba. Nawa ya kwana tun jiya, da alkamata. In kin dangwala ki wuce gida ki hura wuta."

Na tambaye ta Alhaji fa. Ta ce da safe ta faɗa masa ƙiri-ƙiri yau za ta yi alkakin ɗiyarta, ya sa takalminsa ya fita bai ce kanzil ba, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin izini. Mazan kuma, in ji ta, kowa ya rantse ba zai bar rumfar zaɓe ba sai an ƙirga ƙuri'a a gabansa, to su tsare akwatinsu mu tsare kaskonmu.

Ta ƙofa ta shigo, da baho a ka. Yarinyar na ganinta ta rugo ta faɗa jikinta, Inna ta ture ta tana faɗa, wai amarya ce za ta rame haka kamar an yi fari, maza ta je ta ci abinci. Sannan ta miƙo mini taɓarya. Ranar na san daka. In na tsaya ta taɓa ƙullun da yatsa ta ce saura, in na sake tsayawa ta ce saura, sai da ya yi danƙo yana bin taɓarya, kafaɗuna kamar ba nawa ba. Ta zauna tana murzawa tana naɗewa, ina soyawa a wuta kaɗan-kaɗan, muna tsomawa a ruwan sukari da tsamiya. Ko ɗaya bai watse ba sai waɗanda na naɗa da hannuna. Babban yatsanta da tawada, nawa da tawada, kuma har yau ban tambaye ta wa ta zaɓa ba, ita ma ba ta tambaye ni ba.

Aiki ya ɗauke mana hankali, babu wadda ta ɗora tukunya, nan gidan ko can. Ana kiran magariba Malam ya yi sallama, fuska duk gajiya, tun karin safe bai sa komai a ciki ba. Ya ga fanteka cike, ya ga Inna kan kujera 'yar tsugunno. Ya ja ya tsaya. Amma babba babba ce, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta amsa ba yabo ba fallasa, ta tura masa tiren da muka tara gutsattsarin a kai. "Malam, yau babu tuwo nan, babu can. Ga wanga, tire guda ne. Alhaji na ƙofar gida, shi ma yunwa shika ji."

Ya daɗe yana kallon tiren. Sannan ya ɗauka ya fita. Na laɓe a zaure ina saurare. Sai na ji ƙarar shimfiɗa tabarma, can kuma muryar Alhaji yana cewa a kawo musu ruwa.

Ƙanen Alhaji ya faɗi zaɓen. Na Malam ya ci, kuma har ya sauka ko kwalbatin ba mu gani ba. Washegarin zaɓe da safe Malam da kansa ya cire bulon, bai kalle ni ba, ni ma na yi masa kara. Na gasa kek na cika kwanon Inna, na rufe da sabon faifan na miƙa ta kafar. Ta juya faifan gaba da baya, ta ce ɗinkin ya yi tsauri, da gani da fushi aka yi shi. Har yau da shi take rufe furar Alhaji.

An kai gara Maiyama, waɗanda suka raka sun ce fantekar alkaki ba ta kai la'asar ba. Na ji daɗi, amma ba shi ne abin da nake gode wa Inna a kai ba. Ranar da za a tafi da amarya, gida ya cika, aka fito da ita a lulluɓe tana kuka tana neman wanda za ta riƙe. Da babu Inna, da sai dai ta riƙe iska, ko kuma in fito in karya abin da uwata da kakata ba su karya ba. Ina bayan labule ina leƙe na ga ta ƙanƙame Inna, Inna na buga bayanta tana yi mata faɗa tana kuka ita ma. Wata baƙuwa daga dangin ango ta leƙo ɗakin ta tambaye ni wace ce uwar amarya, za ta yi mata Allah ya sanya alheri. Na ɗaga labulen na nuna mata Inna.