Sunan Gwaggo a Ƙarshen Fim

Gwaggona tela ce. Shekara ashirin da biyu tana ɗinki a wani shago mai taga ɗaya, tsakanin mai gyaran waya da mai kitso. Bara wasu masu shirya fim mai dogon zango suka ba ta aikin kayan 'yan wasa. Wata uku tana fama, har idonta ya fara ruwa. Darakta ya yi mata alkawarin sunanta zai fito a ƙarshen kowane kashi.

Da fim ɗin ya fito, aka ce a manhaja ɗaya kawai ake kallonsa. Na saukar mata a waya, na yi rajista. Ranar Asabar da hantsi muka zauna a shagon, har da mai kitso. Ba a yi minti bakwai ba sai talla: na sabulu, na katifa, sannan na manhajar kanta.

"'Yar nan, ba mun biya ba?"

"Mai talla muka biya, Gwaggo. Marar talla ya fi tsada."

"Au, tallan ma sayar mana aka yi?"

Ta daure har ƙarshe, ta gyara tabarau. Sunaye suka fara hawa, na darakta, na jarumai, sai hoton ya ƙanƙance, kashi na biyu ya faɗo da kansa. Na koma baya, talla ya dawo daga farko. A karo na uku wata mai karɓar ɗinki ta shigo, muka bar shi sai wani satin.

Wani satin babu fim. Wani kamfani ya saye shi, ya kai tasa manhajar. Sabuwar rajista, sabuwar kalmar sirri.

"Ni na ɗinka rigunan nan," in ji Gwaggo, "amma ina bin su gida-gida kamar mai aron allura."

A can dai muka kama shi. Na tsayar da hoton, ta kawo fuska dab da waya. Ga sunanta nan, can ƙasa, cikin jerin direbobi.

Mai kitso ta ce, "Ai ba su yi ƙarya ba, Yaya, keke kike tuƙawa."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce in goge manhajojin duka biyu. Da darakta ya kira kan zango na biyu, ta bar wayar tana ta ƙara, ta ci gaba da yankan kayan makaranta.